Kaya a mafarki: mabuɗin aro da akwatin gida

Duk inda mai sayar da littattafai ya shimfiɗa tabarmarsa, ko a ƙofar masallacin Juma'a ko a bakin tashar mota, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da wuya a rasa wani siririn littafi na fassarar mafarki kwance tsakanin Ahalari da Ishmawi da littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano. Galibi sunan Ibn Sirin ne a bangonsa. Waɗanda suka yi lakwal su ma suna da nasu, wanda Faransawa suke kira «Clé des songes», wato mabuɗin mafarkai. A ƴan shekarun nan abin ya shiga har cikin wayar hannu, ana tura wa juna shi kamar goron Salla. Harshe ya bambanta, takarda ta bambanta, amma ginin ɗaya ne: a kawo sunan abu, a ɗora masa ma'ana. Maciji kaza ne, haƙori kaza ne, ruwa kaza ne. Mai karatu ya nemo abin da ya gani cikin barci, ya karanta layi biyu, ya rufe littafi da murna ko da faɗuwar gaba.

Hanya mafi sauƙi ta auna irin waɗannan littattafai ita ce a ɗauki babi guda a bi shi har ƙarshe. Babin kaya ya dace da wannan aiki. A ƙasar da da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ƴaƴa a Ikko ko Abijan ko Libiya, mafarkin ɗaure kaya, ko ɓatan jaka a tasha, ko mota ta tashi ta bar mutum da ƙunshinsa a hannu, ba baƙon mafarki ba ne. Abin da littattafan suke faɗa a kansa kuwa bai cika cokali ba. Akwati cike arziki ne, wofi kuma hasara. Kaya mai nauyi damuwa ne ko bashi ko zunubi. Ɗaure kaya alamar sauyin zama. Ba a tambayi wane ne ya yi mafarkin ba. Ba a tambaya ba ko kayan nasa ne ko na aike, ko a kansa ya ɗauko su ko jaki ne ya ɗauko masa, ko barin gida yake yi ko komowa.

Abin mamaki shi ne, malamin da ake jingina wa littattafan shi ne zai fara ƙin su. Muhammadu ɗan Sirin tabi'i ne, mutumin Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, wajen 728 ke nan ta Miladiyya. Manazarta sun daɗe da nuna cewa babban littafin da ke yawo da sunansa ba shi ya rubuta shi ba. An harhaɗa shi ne ɗaruruwan shekaru bayansa, har ana ambaton mutanen da aka haifa bayan ya bar duniya a cikinsa. Abin da aka ruwaito daga gare shi labarai ne na yadda yake fassara, kuma mafi shahara daga cikinsu ya rushe tsarin «suna da ma'ana» tun daga tushe. An ce mutum biyu suka zo masa, kowanne ya ce ya ga kansa yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da almajiransa suka nemi bayani, sai ya ce ya ga alamar kirki a tare da na farko, ya tuna da ayar da aka umurci Annabi Ibrahim ya yi wa mutane kira zuwa Hajji. Na biyu kuwa bai ga haka a tare da shi ba, sai ya tuna da ayar Suratu Yusuf inda mai shela ya kira ayari yana tuhumarsu da sata. Mafarki ɗaya, fassara biyu, kuma fuskar mai mafarkin ce ta raba gardama.

Ya kamata a ɗan dakata a wannan sura, domin babu inda kaya suka taka rawa kamar a cikinta. Mafarkin ɗaukar kaya mafi shahara a wurin Musulmi yana nan: ɗaya daga cikin samari biyu da aka tsare tare da Annabi Yusuf ya ga kansa ɗauke da gurasa a ka, tsuntsaye suna ci. In da ɗan littafin kasuwa aka buɗe masa, da an ce gurasa abinci ce, abinci arziki ne, tsuntsaye kuma jama'ar da za su ci a ƙarƙashinsa. Fassarar da ya samu ita ce za a gicciye shi, tsuntsaye su ci daga kansa. Can gaba kuma, ba a mafarki ba wannan karon, sau biyu ana sa wa ƴan'uwan Yusuf wani abu a cikin kayansu ba su sani ba. Na farko hajarsu ce da suka biya kuɗin hatsi da ita aka mayar musu, suka buɗe a gida suka yi murna. Na biyu ƙoƙon sarki ne aka ɓoye a kayan ƙanensu, ya zama dalilin tsare shi. Irin kayan ɗaya ne, umurnin ma daga mutum ɗaya ya fito, amma yau kyauta, gobe tuhuma. Wanda ya karanta wannan da idon basira ba zai yarda a ce masa jaka tana da ma'ana guda ba.

Tsarin jera alamomi bi da bi ba laifi ba ne a kan kansa. Abdulgani al-Nabulusi, malamin Dimashƙa da ya rayu daga 1641 zuwa 1731, ya shirya nasa kundin bisa jerin haruffa, amma yakan kawo wa abu guda ma'anoni da dama masu karo da juna, ya bar wa masani aikin zaɓe bisa halin wanda ke gabansa. Masu taƙaitawa don kasuwa su ne suka yanke rassan suka bar ƙirya. Sun kuma yi shiru a kan wani abu da kowane ɗalibin hadisi ya sani, cewa mafarki iri uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai firgitarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abin da mutum ya yini yana saƙawa. Saurayin da ya yi mako yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas, ya kwanta ya ga jakarsa ta ɓace, ba ya buƙatar mai fassara. Amma littafin da zai ce wa mai saye mafarkinsa ba ya nufin kome ba zai yi kasuwa ba.

Ta ɓangaren Turai ma labarin bai sake ba. Sigmund Freud, likitan birnin Viyana, ya fitar da littafinsa na fassarar mafarki a ƙarshen 1899, ko da yake 1900 aka rubuta a bangonsa, an kuma juya shi zuwa Faransanci a 1926. Tun a babi na biyu ya soki ɗaukar mafarki kamar wasiƙar asiri wadda kowace alama a cikinta take da fassararta a wani kundi. A ganinsa mai mafarki ne ke riƙe da mabuɗi, aikin likita shi ne ya saurari abin da kowane guntun mafarki yake tuno wa mai shi. Sai dai a bugun da suka biyo baya ya ƙara dogon sashe a kan alamomi, kuma a nan ne kaya suka shigo. Ya kawo ra'ayin Wilhelm Stekel, wanda ya wallafa nasa littafin a 1911, cewa kayan matafiyi nauyin zunubi ne da ke danne shi, sa'an nan ya ƙara nasa, cewa sau da yawa kayan suna wakiltar al'aurar mai mafarkin ne. Akwati da duk wani abu mai murfi ya danganta su da jikin mace, tafiya kuma da mutuwa. Masu rubuta «mabuɗin mafarkai» na zamani sun tsallake babi na biyu, suka kwashi wannan jeri, suka wanke shi daga abin kunya, suka sayar.

Shi kansa zancen nauyin zunubi ba daga barci aka samo shi ba, daga mumbari ne. A Ingila, a 1678, wani mai wa'azi, John Bunyan, ya wallafa «The Pilgrim's Progress», littafin da duk labarinsa mafarki ne, kuma ya buɗe da wani mutum goye da ƙaton kaya a baya, waɗanda ba su rabu da shi ba sai da ya isa gaban gicciye. Alƙur'ani ma ya siffanta masu laifi ranar alƙiyama ɗauke da nauyinsu a bayansu. Wanda ya tashi yana jin irin wannan wa'azi, in ya yi mafarkin kaya sun danne shi, yana iya farkawa da tunanin laifinsa. Al'ada ce ta koya masa haka, kuma wannan shi ne ainihin batun: alama koyonta ake yi, kamar yadda ake koyon harshe.

Akwai wata haɗuwa mai ban dariya tsakanin kundayen Larabawa da na Freud. Duka biyun sun ce akwati mace ne. Wasu za su ɗauki wannan a matsayin hujja, su ce ga Basra da Viyana sun yi ittifaƙi. Mai yiwuwa kuwa abin da ya haɗa su bai wuce cewa maza ne suka rubuta su ba, suna fassara wa maza. Ga matar Bahaushe akwati ba hotonta ba ne, dukiyarta ce. A ciki take ajiye turamenta da sarƙarta da kuɗin adashi, shi ne abin da miji ba ya buɗewa sai da izini, shi ne kuma abin da take fita da shi in zama ya ƙi. Matar da ta yi mafarkin an fasa mata akwati, a ce mata akwati mace ne, me aka gaya mata? Mafi muni ma, tana iya fahimtar cewa kishiya ake nufi, ta kwana da zargin da babu wanda ya jawo shi sai mai fassarar da bai taɓa ganinta ba.

Freud da kansa ya lura cewa mafarki a ɗaure yake da harshen mai yin sa, har ya kawo maganar abokinsa Ferenczi cewa kowane harshe yana da nasa harshen mafarki. Ya ba da misali daga Artemidorus, Bagirken da ya rubuta littafin mafarkai a ƙarni na 2, wanda aka juya zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Lokacin da Iskandar na Makidoniya ya yi wa birnin Taya ƙawanya a shekara ta 332 kafin Miladiyya, ya yi mafarkin wata halitta da Girkawa suke kira «satyros». Mai fassararsa ya raba kalmar biyu, ta ba da ma'anar cewa Taya tasa ce. In aka juya wannan mafarki zuwa wani harshe, fassarar ta mutu. To haka abin yake ga kaya, kuma a nan ne ƴan littattafan suka fi yin ɓarna, domin daga Larabci ko Faransanci ko Ingilishi aka juyo su, kalma da kalma.

Malaman da ke koyar da harsunan biyu sun san wahalar wannan kalma. Abin da Bafaranshe ya rarraba tsakanin «bagage» da «fardeau» da «marchandise» da «vêtements» da «trousseau» da «outils», Bahaushe ya tara shi duka cikin «kaya». Akwai kayan sawa da kayan aiki da kayan miya, akwai kayan ɗaki da kayan sarauta da kayan faɗa, akwai kayan ciki a jikin mutum, akwai kuma kayan haushi da kayan kunya waɗanda ba a ɗaurewa da igiya. In aka ce wane ya ɗauko wa kansa kaya, rigima ake nufi. In aka ce an kai kayan wance, aure ya matso. In aka ce wance ta kwashe kayanta, aure ya mutu. Mai wuyar sha'ani ya ɗauki Dala ba gammo, mai shiri kuma ya san kayan sammako da maraice ake ɗaure su. Mutumin da waɗannan maganganu suke cikin kunnensa tun yana goye, da su yake kwana, da su kuma yake mafarki.

Karin magana guda ya isa ya nuna tazarar. Littafin kasuwa zai ce wanda ya ga igiyar kayansa ta tsinke, kaya sun zube a hanya, hasara ce ke tafe. Bahaushe kuwa sai ya fara tambaya: a ina suka tsinke? In a gindin kaba ne, ai sa'a ce, domin ga abin tufka sabuwar igiya nan kusa. Mutumin Mayahi ko Tasawa, wanda ya tashi a gefen Gulbin Kaba, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan.

Ko mazubin kansa ba ɗaya ba ne. Gafaka ta malami ce, kuma wanda ya ga an miƙa masa ita ba dukiya yake tunani ba. Burgami na maharbi ne da matafiyi, mangala ta jaki ce, taiki na fatake, salka ta ruwa ce, kuma ɓatanta a daji ba hasara ba ce, mutuwa ce. Adakar tsohuwa da ke ƙarƙashin gado tana iya ƙunsar likkafanin da ta tanada tun dawowarta daga Makka, ga shi kuma masu wa'azi sun saba kiran aikin kirki guzurin lahira. A nan zancen Freud na tafiya da mutuwa ya sami ɗan wurin zama, amma ba da fargabar da ya sani ba, domin ita tsohuwar shiri take gani, ba barazana ba. Duk waɗannan mai juya littafi ya murƙushe su ya mai da su «akwati».

Akwatin Bature kuma abin ɓoyo ne. Yana da kwaɗo, mai shi kaɗai ya san cikinsa, shi ya sa kundayen Turai suke yawan danganta shi da asiri. Akwatin lefe, wanda masu jin Faransanci a Nijar suke kira «la valise», don a buɗe shi aka yi shi. Mata sukan taru, a fito da turame ɗaya bayan ɗaya, a ƙidaya, a yaba ko a taɓe baki, kafin magariba unguwa duka ta san abin da ke ciki. Saurayin da ya yi mafarkin an buɗe akwatinsa gaban jama'a an tarar babu kome ba tonon wani asiri yake tsoro ba. Tsadar atamfa ce ta bi shi har kan tabarma.

Sinimar Nijar ta fahimci wannan fiye da kowane littafin fassara. A fim ɗin «Jaguar», wanda Jean Rouch ya fara ɗauka a 1954 aka kammala a 1967, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel sun tafi cin rani ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, Gana ta yau, suka komo da kaya, suka rabar cikin ɗan lokaci da abin da suka yi watanni suna tarawa. Darajar kayan ɗan cin rani tana cikin rabonsu, kuma akwatin da ya wayi gari wofi bayan kwana biyu da sauka shaida ce ta mutunci, ba ta hasara ba. Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya juya hoton a «Le Retour d'un aventurier» na 1966. Wani saurayi ya komo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa, suka sake sunaye, suka hau dawakai, suka addabi ƙauyensu. Akwatin a cike yake, abin da littafin kasuwa zai kira arziki. Abin da ya fito daga cikinsa kuwa mafarkin wasu mutane ne, ɗinkakke, aka sa wa waɗanda ba don su aka yanka shi ba. Da wuya a sami kwatancin da ya fi wannan dacewa da su kansu littattafan fassarar.

Tarihi ma ya zuba nasa a cikin jakar. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu daga Gana, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa da suka daɗe a zangunan Kumasi. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka a Nijeriya, ta ba da wa'adin mako biyu, kuma daga wannan kora ne jakar leda mai ratsi-ratsi ta sami sunan Gana-mas-go, ko da yake ba mutanen Gana kaɗai suka cusa rayuwarsu a cikinta ba, har da ƴan Nijar masu yawa. Tun daga 2014 kuma an yi ta maido da mutane daga Aljeriya ta Asamaka, da yawansu hannu rabbana. Ga iyalin da suka ga ɗansu ya sauko daga mota ba ko ƙunshi, mafarkin ɗaure kaya cikin gaggawa ba «sauyin zama» ba ne kamar na ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Wanda ya rubuta wannan layi a wani birnin Turai bai san Asamaka ba, kuma ba a zarge shi da haka ba. Wanda za a tuhuma shi ne wanda ya juya layin zuwa Hausa ya miƙa wa uwar yaron.

Ƙungiyoyin raya al'adu sun yi ƙoƙari wajen tattara tatsuniyoyi da karin magana da kirari, amma labarin mafarki, wanda ake bayarwa kowace safiya a tsakar gida, har da gabatarwarsa da addu'ar «Allah ya sa alheri ne» da ake tarbarsa da ita, an bar shi a hannun ƴan kasuwa. Tattara shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, sai dai yana da sharaɗi. A rubuta shi da bakin mai shi, da yardarsa, ba tare da sunansa ba. A rubuta ko namiji ne ko mace, da sana'arsa, da lokacin shekara, domin mafarkin kaka ba na bazara ba ne. A rubuta abin da shi ya fahimta, da abin da tsofaffin gida suka ce masa. Kada kuma mai tattarawa ya gyara kalma: in an ce buhu ya rubuta buhu, in an ce adaka ya rubuta adaka, in kuma an ce kaya kawai, ya tambaya a kan wa suke.